Hannuwana sun farka, na kasa wankan gawa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina roƙon mai kula da wannan zaure ya sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ni da na saba a zo wurina neman ta.

Ni dattijo ne a Madarunfa, na yi karatu gwargwadon abin da Allah Ya hore, kuma tun ina da ƙarfina ni ke wankan gawar maza a unguwarmu da ƙauyukan da ke kewaye. Wanda ya san aikin ya san sharaɗinsa, duk abin da idonka ya gani a jikin mamaci amana ce, da ita za a rufe ka. Ban taɓa buɗe baki a kai ba, ko ga iyalina.

An daɗe ciwo yana zaune mini a wuya da kafaɗu, ya gangaro hannuwa har yatsuna suka mutu, ba na jin zafi, ba na jin sanyi. Sujada ta gagare ni, na koma salla bisa kujera a gefen sahu. Na sha rubutu, an yi mini ƙaho, na haɗiyi ƙwayoyi har cikina ya ƙi su. Daga baya wani lokotoro, wato likita, a Maraɗi ya duba hoton wuyana, ya tura ni wurin wanda suke kira kine, wato mai gyaran jiki da tausa da motsa gaɓoɓi, babu allura.

Mutum ne mai ladabi, sa'an 'ya'yana. Ranar farko ya kwantar da ni bisa wani siririn gado, ya rufe ni da mayafi daga cibiya zuwa gwiwa, ya fara ta dama, ya lanƙwasa mini gwiwar hannu a hankali, ya buɗe yatsuna ɗaya bayan ɗaya, sannan ya juya ni. Jama'a, daidai haka nake yi wa mamaci kafin in zuba masa ruwa. Ya ce, “Baba Malam, saki kafaɗar nan mana, ka riƙe ta kamar za a ƙwace maka.” Na ce masa waɗanda nake yi wa irin wannan ba su taɓa yi mini gardama ba. Ya yi dariya, domin bai san me nake nufi ba.

Ba zan tauye masa haƙƙi ba, aikinsa ya yi amfani. Ciwon ya sassauta, barcina ya gyaru, kuma kafin girbin gero na sa goshina a ƙasa cikin masallaci, na daɗe ban ɗago ba.

Sai dai tare da sauƙin, ji ya dawo mini a hannuwa. Aka kira ni wankan wani manomi ta wajen Gabi, ina ɗora tafina bisa ƙirjinsa sai sanyinsa ya ratsa ni har ƙeya, abin da rabona da ji tun ina saurayi. Na kasa ƙarasawa, na miƙa wa mai zuba mini ruwa da hujjar ciwon baya. Tun ranar ban sake zama daidai ba. In na taɓa buta da safe sai in tuna wani, in na shafa tabarma sai in tuna wani, mutanen da na wanke na manta, duk hannuna bai manta su ba. Mafi muni, in ina gaisawa da jama'a bayan salla, sai in tarar ina auna nauyin hannun mutum, ina lissafin yadda za a juya shi. Ina neman gafarar Allah.

Na shaida wa kine sana'ata. Ya ce wanda ya daɗe yana ɗaga nauyi kuma yana haɗiye abin da ke ransa, jikinsa ƙullewa yake, ya kamata in samu wanda zan faɗa wa. Na ce amana ce. Ya ce ba sunaye ko aibin kowa yake nufi ba, abin da na ji kawai. Na ce masa ban san inda abin da na ji ya ƙare, abin da na gani ya fara ba. Mun rabu ranar ba da daɗi ba, kuma tun daga nan na daina zuwa. Yatsun suka fara komawa mutuwarsu, tunanin ya lafa, amma wuyan ya soma hana ni sujada.

Abin da ya sa na rubuto shi ne aminina, tsohon masunci, wanda muka yi allo tare. Yana kwance, iyalinsa ma sun san ciwon ajali ne. Tun muna da baƙin gashi ya bar wasiyya cewa ni zan wanke shi. Da na je gaishe shi na ɗan buɗe masa halin da nake ciki, sai ya kama hannuna ya ce, “Malam, ka wanke rabin gari, ni za ka guje wa? Rayuwata duk cikin tabki na yi ta, ba ni da dauɗa, aikin ba zai ba ka wuya ba.” Muka yi dariya, amma hannunsa yana cikin nawa, kuma na ji abin da na ji.

Ba fatawa nake nema ba. Na san wankan gawa in wasu suka yi ya faɗi daga kan saura, sujada kuwa tawa ce ni kaɗai, na san kuma mai uzuri yana salla yadda ya iya. Na karantar da wannan sau da yawa, bai kwantar mini da rai ba.

Ku da kuka taɓa shiga hannun masu gyaran jiki, wannan abu yana wucewa in aka daure? Shin in bar hannuwan su ƙarasa mutuwa, in koma kujera, domin in cika wa aminina alkawari ba tare da na kasa ba? Ko in koma Maraɗi, in wanke shi da hannun da ke jin komai, in kuma na kasa a tsakiya, wa zan miƙa wa shi? Ku amsa mini da wuri saboda Allah, jiya ruwa kawai ya iya sha.