Abin da Na Gani Ranar Wankan Kak Munah

Katanning,
Yammacin Ostireliya.

Zuwa ga ƙanwata Sarinah, wato Mak Dali,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da mijinki Pak Dali da yara da duk mutanen tsibirinmu na Cocos. Allah Ya ƙara muku lafiya. Mu ma nan alhamdu lillahi, jikana Rosli har ya fara tafiya, yana bin kajina da tsintsiya.

An gaya miki ciwon ƙirji ne ya ɗauke yayarmu, Kak Munah. Ni ma haka mijinta ya gaya mini. Sai ranar da nake yi mata wanka hannuna ya taɓa ƙullutu a mamanta na hagu, mai tauri kamar ɗanyen mangwaro. A nan na gane ciwon dajin mama ne. Ta daɗe da shi, kunya ta hana ta buɗe wa likita sai da aiki ya lalace.

Kin san mai wankan gawa ba ta faɗin abin da ta gani. Na riƙe shi har ya hana ni cin abinci, sannan na aiki matar liman ta tambayar mini. Liman ya ce aibi aka ce a rufe, ciwo kuwa ba aibi ba ne. Mijinta ma ya amince in faɗa.

Da motar awon mama ta zo garin, na tashi a wurin karatun mata na faɗa musu komai, na ce masu awon duk mata ne. Nek Jamil, tsohuwar nan mai tsiya, ta ce ita nata sun zama silifas, me injin zai kama? Muka yi dariya har da hawaye. Ita ta fara shiga kuwa, ta fito tana cewa an matse ta kamar kwakwar da ake tatsa, wai a biya ta. Muka kai wa ma'aikatan soyayyar ayaba. Wata daga cikinmu, Mak Sufian, aka ga wa ɗan ƙullutu, an cire tun yana ƙarami, jiya ma ta zo masallaci tana faɗa a kan takalminta.

Ki gaishe mini da Pak Dali, da ɗanku Dali da amaryarsa, da Nek Arpah. Kifin gishirin ya iso, na gode.

Ni an duba ni, lafiya lau. Sarinah, uwarmu ɗaya da Kak Munah, ciwon nan kuwa yakan bi jini, kuma ke har yanzu ba ki je an duba ki ba.

Taki yayarki,
Nek Rosli