Kada Ki Tayar da Motar Yau

Lorna,

Kina wurin shanu maƙwabcinmu Wendell ya zo kai ni asibiti, ban samu ganinki ba.

Kada ki tayar da a-kori-kurar yau. Jiya da kika shiga gari na buɗe gaban injin. Kin san ɗan ƙarfen nan mai kamar guntun fensir da ke zamewa a irin wannan injin dizal, ya faɗa cikin giyar injin ya farfasa komai. Na tarar ya fito rabi. Na mayar da shi, na ɗaure farantin ƙarfe a kansa don kada ya sake zamewa. Gam ɗin murfin injin bai bushe ba, ɗaukar ciyawa sai gobe.

Wendell yana ta tsiya: "Kai tsoho, mota lafiyarta ƙalau, kana yi mata tiyata?" Na bar shi ya gama. Motar yayanki ma ƙalau take, har ranar da ta mutu masa a kan dutse cikin dusar ƙanƙara. Kin san yadda muka sami gawarsa.

Likita ya ce jijiyar zuciyata gara a gyara tun ba ta toshe ba. Na ji maganarsa.

Na san halinki, shi ya sa makullin yana aljihuna. Ki yi haƙuri.

Baba