Ƙanen Matarka Ya Kashe Motar Baba

Yaya Hamisu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali, ya zaman Kwatano? Mu nan Konni lafiya lau, ban da takaicin da ka jawo muna.

Motar marigayi Baba ta mutu. Tun muna yara bai taɓa tayar da ita ba sai ya duba baƙin mai da ruwa. Kai ka nace a ba ƙanen matarka, Sale. Tun damina bai yi juyen mai ba, sai dai ya ƙara na kwalba a bakin hanya. Ran kasuwar Illela injin ya buga a Tajaye. Da igiya aka jawo ta gida kamar mushe, Inna na kallo tana kuka.

A sa mu addu'a, a gaida yara. Matarka kuwa, ban aike ka da gaisuwa ba.

Ƙanenka,
Lawali