Wayar Inna Tana Kan Kabad

Zuwa ga ƙanina, Autan Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar yaya ga ƙaninta, da fatan takardar nan ta same ka lafiya ƙalau, kai da mai ɗakinka da 'yan biyu. Allah ya ƙara muku lafiya, ya raya mana yaran nan, ya sa albarka a karatun da ya ɗauke ka daga gabanmu. Mu nan gida sai godiya. Baban yara ya warke daga tarin da ya dame shi, har ya koma faɗa da rediyo. Babbar 'yata ta fara koyarwa, kullum takan dawo da murya a dishe tana cewa yanzu ta gane abin da ya mayar da ni mafaɗaciya. Kawu ya yi sabon tabarau, yana ta kallon mutane kamar yau ya fara ganinsu. Inna tana nan, tana ci tana sha, bakinta kuma bai mutu ba. Idonta ne dai, kuma a kan idon nan na zauna rubuta maka.

Da gangan na zaɓi takarda. In na kira ka, da zarar muryata ta fara hawa sai ka ce sabis yana yankewa. Takarda ba ta yankewa, don haka nemi wuri ka zauna.

Binciken da ka turo mini na buga shi a injin ɗakin karatunmu, na karanta shi daga bango zuwa bango, ƙamus a dama, jan biro a hagu. Na gane abin da kuke nufi: kowace waya tana gaisawa da ƙarfen sabis mafi kusa da ita, ana tara wannan gaisuwar ta dubban mutane a aika wa manyan kwamfutoci can nesa, waɗanda kuke kira girgije, su kuma su faɗa wa hukuma inda jama'a suke zuwa da lokacin da suke dawowa. Da haka ake tsara fitilun hanya da motocin haya. Wallahi aikin ya burge ni, har na zagaya da shi ina nuna wa abokan aikina, ina cewa wannan yaron ni na goya shi. Sai na zo shafin da ka kawo garinmu a matsayin misali, ka yaba yadda sabon tsarin bas ya rage ƙona mai da zaman jira. Akwai taswira a wurin. Unguwarmu an shafa mata ruwan toka, an rubuta cewa yanki ne mai ƙarancin motsi. A nan jan birona ya huda takardar.

Bari in gaya maka abin da ruwan tokar nan ya jawo. Bas ɗin da ke tsayawa gaban kantin magani a bakin layinmu, wanda ke sauke mutum a ƙofar asibitin ido, an cire shi. Yanzu mai son bas sai ya hau gadar sama ya ƙetare babban titi, ko kuma ya kira ƙaramar mota ta manhajar waya. Ka san Inna da hawan jinin ido. Gefe da gefe duk ya rufe mata, abin da ke gabanta kawai take gani, shi ma kamar ta cikin bututu. Matakala ba ta ganin bakinta, rubutun waya kuwa ba a ma maganarsa. Ina kai ta in na samu hali, amma makullin ɗakin karatu a hannuna yake, kuma layin likita da safe ake bi. Ashe ranakun da take ce mini 'yar maƙwabta ta raka ta, zamanta take yi a ɗaki don kada ta ɗora mini nauyi. Likita ne ya tona ta. Ya ce abin da ciwon nan ya ci ba ya dawowa, kuma in ana tsallake awo, wata rana za ta farka fitila a kunne ta tambayi wanda ya kashe.

Bayan na yi mata faɗa sai ta yi zuciya ta fita ita kaɗai. Telan bakin layi ne ya same ta zaune a tsakiyar matakalar gada, ta rungume sandarta, ta kasa hawa ta kasa sauka, mutane suna raɓa ta suna wucewa. Da ya kawo ta gida abin da ta fara roƙonsa shi ne kada ya gaya mini, kada kuma a gaya wa Auta, yana da karatu a gabansa. To ga shi na gaya maka.

Washegari na tafi ofishin sufuri da niyyar ɗaga rufin ginin. Aka haɗa ni da injiniyan da ke kula da tsarin, mutum mai ladabi, irin ladabin da ke ƙara wa mai fushi zafi. Ya kai ni wani ɗaki mai sanyi kamar firji, allo ya cinye bango guda, garin gaba ɗaya yana kai, ɗige-ɗigen haske suna yawo kamar tururuwa. Ya ce kowane ɗigo waya ce, babu suna babu lamba. Ya matso da layinmu. Ga ɗige-ɗige nan birjik, gida bayan gida, amma ko ɗaya ba ya motsi. Ya gudu da hoton daga safe zuwa yamma, daga mako zuwa mako, suna nan daskare. Ya ce na ga dai da idona, na'ura ba ta ƙin kowa, kuma ba za a riƙa tura bas wurin mutanen da ba sa fita ba.

Na daɗe ina kallon ɗigon da ke daidai gidanmu. Shi bai san sunansa ba, ni na sani. Wayar da ka aiko wa Inna ce, tana kan kabad, bisa ɗan ƙyallen da ta naɗe mata don kada ta ƙarce, caja a jikinta dare da rana. Ka tuna abin da ka ce ranar da aka kunna ta? Ina tsaye a wurin. Ka ce kada ta kuskura ta fita da ita, ɓarayi za su fizge, ta bar ta a caji domin duk lokacin da ka kira a same ta. Kuma ba kai kaɗai ba ne. Layinmu layin tsofaffi ne da 'ya'yansu suka watse a duniya, kowane ɗa ya aiko da waya mai tsada, kowane ɗa ya kafa dokar da ka kafa. Tsohon direba a gwangwanin biskit yake ajiye tasa. Gwaggo ta kwanar layi ta saƙa wa tata hula. Kullum suna fita, asibiti, kasuwa, dubiya, karɓar fansho, da sanda da katin asibiti, su dawo suna tambaya ko wayar ta yi ƙara. Girgijenku bai ƙirga iyayenmu ba, Auta. Wayoyinku ya ƙirga, ya same su zaune suna jiran kiranku, ya yanke hukuncin cewa unguwar ba ta da inda za ta.

Ban ce kai ka cire bas ba. Na san ba kai ka gina tsarin ba, ba ka ma san injiniyan ba. Amma kai ka ɗauki ruwan tokar nan ka sa a bincikenka ka kira shi nasara, kuma za ka tsaya gaban masana a taronku su tafa maka. Kai da ka girma a layin nan, ka san ƙarar sandar kowane tsoho, ka kalli taswirar ba ka ce anya ba. Wannan ne ya ƙona mini rai fiye da gadar.

Na yi wa injiniyan wannan bayanin. Ya cire tabarau ya goge, ya ce shi ma tsohuwarsa a ƙarƙashin matashi take barin tata. Amma ya ce ba shi da ikon mayar da bas da hannunsa, domin an yi tsarin ne musamman don kada wani ya sa baki ya jawo hanya ƙofar gidansu. A ƙarshen zangon nan na'urar za ta sake duba hanyoyi, in ta ga motsi, bas ya dawo. Yana raka ni ƙofa ya ƙara da cewa wayar da ake magana da ita ta fi fitowa sarai a kan allo fiye da wadda ke kwance shiru a aljihu. Bai ce in yi komai ba. Ni ma ban ce masa zan yi ba.

Daga can shagon tela na wuce. Ya ɗinka mana 'yan jakunkuna da ragowar yadi, masu igiyar ratayawa a wuya, a tura cikin riga, ɓarawo sai dai ya fizgi tsohuwar gaba ɗaya. Na bi gida gida ina rabawa. Mun shirya duk mai zuwa asibiti a haɗu a tsohuwar tasha gaban kantin magani, a ƙetare gadar tare, ni da tela da duk wanda ya samu sarari muna riƙe hannu. Kafin ka buɗe baki ka ce wannan ɓata bayanai ne, ka sani babu tafiyar ƙarya ko ɗaya a ciki. Tafiyar da suke yi ce tun kana rarrafe, yanzu ne kawai za a gan su.

Ga inda na maƙale. Tsohon direba ya karɓi jakar ya yi godiya, ya ce amma ɗansa ya hana. Gwaggo ta ce sai ta ji daga bakin 'yarta. Inna kuwa, matar da ta bi ka da muciya har bayan gida saboda ka yaga littafina, ta dube ni ta ce Auta ya ce kada a fita da ita. Na yi lallashi, na yi faɗa, na karanta mata shafin naka da fassara. Ta ce ita dai ba za ta sa yaro ya kira daga wata duniya ya ji shiru ba. Sauran duk ita suke kallo. In ta rataya, za su rataya.

Saboda haka kai ka ɗaura, kai za ka kwance. Ka kira ta ka gaya mata da bakinka, a fili, ba da wasa ba, cewa ka janye dokar, ta fita da wayar duk inda za ta. Sannan ka shiga zauren nan naku na waya, na 'yan layi, da kuke tura wa juna hotunan yara, ka gaya wa ɗan direba da 'yar Gwaggo da sauran su yi haka. Ranar Talata da safe ake ganin likita. A ranar ina so kowace jaka ta yi ƙara a bakin titi, ku yi ta hira da su tun daga kantin magani har ƙofar asibiti. Na san a wurinku lokacin barci ne. Ka tashi. Shafin binciken kuwa ban ce ka yaga ba, aikinka ne kuma mai kyau ne. Ka gyara shi. Ka gaya wa masanan cewa akwai mutanen da wayarsu ba ta bin su, kuma galibi su ne suka fi bukatar bas. In kana neman misali, kana da uwa.

Ka gaishe mini da mai ɗakinka da kyau, ka ce mata na ga hoton 'yan biyu, mai kumatun nan kamarka sak, Allah ya sa kada ya gado taurin kan. Baban yara yana gaishe ka, ya ce in rage zafi, na ce masa wannan ragaggen ne. Kawu da Gwaggo da tela duk suna miƙo gaisuwa. Inna ba ta san na rubuto ba, da ta sani da ta ce in tambaye ka ko kana cin abinci.

Jakarta tana rataye a ƙusa bayan ƙofa, shuɗiya ce, ita ta zaɓi launin da kanta. Wayar tana kan kabad. Ba zan ɗauke ta in saka mata ba, na bar maka wannan. Allah ya tsare ka, ya haɗa fuskokinmu tun tana iya ganin taka.

Yayarka da ta goya ka,
wadda ke jiran ƙarar waya ranar Talata.