Hutun da Na Ƙi Ɗauka

Litinin, 1 ga Disamba

Sun fara rataye fitilu a titinmu. Da zan fita da safe na bar mutum biyu a kan tsani suna gardama a kan waya, da na dawo titin ya kama da haske, ja da shuɗi. Mutane sai tsayawa suke suna ɗaukar hoto. Na ratsa su na wuce da ledar burodina.

Aiki kamar kullum: wanka, canjin zanen gado, ba da abinci a baki, gyaran fuska. A gidan tsofaffi Litinin da Asabar duk ɗaya ne.

Na kira gida ta bidiyo. Auta ya kai wa Baba wayar har gaban fuska, yana ta cewa, "Baba, ga ɗanka, ga na ƙasar wajen nan." Baba ya dube ni sosai, kallon mutunci, ya ce, "Sannu, bawan Allah. Wa kake nema?" Na ce gaisuwa ce kawai. Ya ce ya gode, Allah ya yi albarka, ya miƙa wa Auta wayar.

Na zauna ina jira in ji wani abu a ƙirjina. Shiru. Na tashi na soya ƙwai.

Laraba, 3 ga Disamba

Ruwa tun safe. Injin wanki ya cinye min safa ɗaya.

Asabar, 6 ga Disamba

Dogo ya fitar da ni dole. Ɗaki ɗaya muke haya da shi, motar kaya yake ja, kuma bakinsa ba ya hutawa. Ya yaye bargona ya ce ba zai yiwu mutum ya zo ƙasar mutane ya ƙare bai san komai ba sai lambar bas ɗin wurin aikinsa.

Mun hau jirgin ƙasa zuwa wani ƙaramin gari a bakin tafki. Gidaje masu rufi ja, kwale-kwale a ɗaure, agwagi suna yawo ba mai kora. Dogo ya tsaya yana kallonsu, ya ce, "Dubi ƙiba! Wallahi da a unguwarmu ne, da kafin la'asar sai dai a nuna maka gashinsu." Na yi dariya, don na ga wurin dariya ne.

Mun hau wani tudu. Kowa ya isa sama sai ya ja numfashi ya ce kai. Na duba: ruwa ne, da duwatsu, da hazo. Na san yana da kyau, kamar yadda nake sanin magani yana da amfani.

Ya ɗauke ni hoto na tura wa Yaya Babba. Ta amsa: "Ƙanena ka murmure, ma sha Allah. Amma idon nan naka fa?" Na tura mata hoton agwagi.

Talata, 9 ga Disamba

Tsohon Direba, ɗaya daga cikin tsofaffinmu, ya ƙi yarda kowa ya aske masa gemu sai ni. Jirgin ƙasa ya tuƙa duk rayuwarsa, yanzu ko ƙofar ɗakinsa ba ya ganewa. Da ya gan ni sai ya kira ni da sunan ɗansa. Baƙi ne ni wuluk, shi kuwa fari tas, amma wannan bai dame shi ba. Ina amsawa. An koya mana kada mu yi musu da su.

Madam, shugabar sashenmu, ta tare ni a ɗakin shayi. Ta ce duk shekarar nan ban ɗauki hutu ba, takarduna kuma lafiya lau suke, me zai hana in je in ga mutanena a wannan hutun? Na ce a bar masu iyali a nan su tafi, ni zan riƙe ranakun biki. Ta dafa ƙirji ta ce ni mutumin kirki ne. Da rana har wata ta kawo min cakulan.

Na ci cakulan ɗin a tashar bas.

Juma'a, 12 ga Disamba

Baba ya ɓata jiya. Auta ya shiga wanka, ya fito ba Baba. Sun yi wuni suna nema, har asibiti sun leƙa. Wajen magariba wani tsohon maƙwabci ya gan shi a bakin tsohon shagonsa na gyaran rediyo, wanda yanzu ake sayar da kayan waya a ciki. Yana zaune a kan benci, wai yana jiran yaron da ya tafi da makulli.

Sai da aka same shi suka gaya min. Na ce alhamdu lillahi. Na ce a sa sakata a sama inda hannunsa ba zai kai ba, a ɗinka masa lambar waya a cikin aljihu. Muryata irin wadda nake yi wa 'ya'yan tsofaffin nan bayani da ita.

Lahadi, 14 ga Disamba

Yaya Babba ta kira. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba.

"Ka zo. Ba don ya gane ka ba, don ka gan shi."

Na ce aiki ya riƙe ni, lokacin biki ne, ba ma'aikata.

"Aikin wanke iyayen wasu."

Ina jin kukan jikarta a bayanta. Can ta ce in yafe mata, gajiya ce, ta san ba don ni ba da maganinsa ma ya gagare su. Na ce ba komai, Yaya. Kuma da gaske ba komai ɗin, maganar ta wuce ta gefena kamar mota.

A nan dai zan iya rubutawa: babu abin da ya riƙe ni. Idan Baba ya ce min bawan Allah a waya, ina da wurin dannawa in kashe. A tsakar ɗakinsa fa?

Laraba, 17 ga Disamba

Mun yi wa falon gidan tsofaffi kwalliya. Ni na hau tsani saboda tsawo. An raba hulunan takarda, tawa kore ce, ta yage kafin azahar.

Asabar, 20 ga Disamba

An fita da tsofaffi a bas su ga fitilun gari. Shigar da kekunansu kaɗai ya ci rabin yammar. Barguna, magunguna, ledar ko-ta-kwana.

Tsohon Direba ya zauna kusa da ni, yana ta kushe mai tuƙa mu. Duk birkin da aka taka sai ya girgiza kai ya ce wannan bai san nauyin abin da ya ɗauko ba. Wata tsohuwa da ban taɓa jin muryarta ba ta kama waƙa da muka shiga babban titi, tun daga farko har ƙarshe ba ta manta kalma ba. Ma'aikata suka yi ta share hawaye. Ni ina lura da wanda ke bayanta, na ga alamar ya jiƙa wandonsa, ina lissafin inda za mu tsaya.

A babbar kasuwa mun sauko da masu iya tafiya. Ƙamshin gasasshen abu, kiɗa, yara da balan-balan. Tsohon Direba ya riƙe hannuna gam, ya ce kada in sake shi in ɓata a cikin mutane.

Alhamis, 25 ga Disamba

Ranar bikinsu. Falo ya cika da 'yan uwa, furanni, kwalaye masu ƙyalli. Na yi ta kai faranti ina kwashewa.

Ɗan Direba ya zo. Ban taɓa ganinsa ba, a wani gari mai nisa yake. Mutum ne mai furfura a gefen kai, da kot mai tsada, ya tsaya a ƙofa riƙe da kwali kamar mai neman aiki. Ya durƙusa gaban uban ya ce, "Baba." Tsohon ya dube shi, ya dube ni, ya kama hannun rigata ya tambaye ni da sunan ɗan, "Wane ne wannan mutumin?"

Na so ƙasa ta tsage. A'a, ƙarya nake, ban so komai ba. Na dai san ya kamata in so.

Na ɗauka zai ajiye kwalin ya tafi, haka da yawa suke yi. Sai ya jawo kujera ya zauna. Har aka watse yana nan, uban yana ba shi baya.

Juma'a, 26 ga Disamba

Ɗan Direba ya dawo da sassafe. Ya same ni ina haɗa kayan aski, ya ce ko zan koya masa.

Na nuna masa. A jiƙa tawul da ruwan ɗumi tukuna. Kada a zo masa ta baya. A faɗa masa abin da za a yi kafin a yi. A ja fatar kunci da yatsa biyu, don ta saki. Na ce wa tsohon yau sabon wanzami muka samu, ya ce to, in dai ba zai yanke shi ba.

Ɗan ya karɓi reza. Ya daɗe a kunci ɗaya kamar mai zane. Tsohon ya rufe ido, har ya fara 'yar waƙa a hanci. Da aka gama ya shafa haɓa ya ce, "Ba laifi. Gobe ma ka zo."

Mutumin ya fita baranda ya kifa kansa a bango. Kafaɗunsa kawai nake gani. Na kai masa ruwa, na koma na goge kumfar da ya bari a bayan kunne.

Da rana na zubar da miya a kan tire sau biyu. Madam ta ce ko ba ni da lafiya.

Lahadi, 28 ga Disamba

Ban fita ba. Dogo ya ce tafki, na ce a'a. Ya ce tudu, na ce a'a. Ya ce to ko agwagwa ɗaya ce mu je mu sato.

Laraba, 31 ga Disamba

Tun yamma yara suke ta fasa abin wuta a titi. Abokan Dogo sun cika ɗakin, na fita matakala na kira Auta.

Muryarsa ta canza, kamar ba ƙaramin cikinmu ba. Ya ce wanka ne yaƙinsu kullum, Baba har duka yake kai masa, jiya ya ce masa ɓarawo. Ya ce ƙafafun sun kumbura, takalmansa duk sun ƙi shiga, silifas kuma tuntuɓe yake sa shi.

Na ce ya daina fara zuba ruwa daga kai, ya fara daga ƙafa. Ya bar masa zane a kafaɗa, kunya ce take sa shi faɗa. Ya ba shi soso ya riƙe a hannu, ko ba zai yi komai da shi ba. Na yi ta magana, ban san na san abubuwa haka da yawa ba.

Auta ya ce, "Yaya, ashe duk ka iya."

Na daɗe a matakalar, har sanyi ya shiga ƙashina.

Asabar, 3 ga Janairu

Suna sauke fitilun. Shaguna sun karya farashi, Dogo ya ja ni ya sayi rigar sanyi.

A bene na biyu na shagon na ga irin takalman da tsofaffinmu suke sawa, masu faɗin baki, marasa igiya, manne su kawai ake yi, ƙasansu ba ya santsi. Na kira Auta in tambayi lambar ƙafar Baba, ya ce bai sani ba, sai ya duba. Na ce ya bari. Na tuna. Da nasa na je neman aikina na farko, sai da na cusa takarda a gaba. Na ɗauki wanda ya fi lambarsa da ɗaya, saboda kumburin. Ruwan ƙasa. Ba ya son baƙi.

A bas Dogo ya ce akwai wani abokinsa da zai tafi gida sati mai zuwa, a ba shi ya kai.

Na ce a'a, ba sai an ba kowa ba. Sai an gwada masa a ƙafa, kuma Auta bai san yadda ake duba wurin yatsa ba.

Dogo ya dube ni, ya buɗe baki, ya mayar ya rufe. Yau ce rana ta farko da na ga haka.

Kwalin yana kan akwatina. Litinin Madam tana aikin safe, zan tuna mata maganar hutun.