Ya ɗauke aikina na tauraro, ni kuma na san inda zai karye

Assalamu alaikum Admin, a sakaya sunana. Jama'ar gidan nan, don Allah ku ba ni shawara kafin ranar Alhamis, don zuciyata ta yi baƙi, ban yarda da kaina ba.

Ni ɗaliba ce a nan Greensboro, shekarata ta huɗu ina digiri na uku. Aikinmu a lab, wato ɗakin bincike, shi ne ƙananan taurarin ɗan Adam, kowanne bai wuce kwalin takalmi ba, muna so guda biyu su riƙa aika wa juna saƙo a sama ta wata hanyar sadarwa da ake kira terahertz. Tana kwasar bayanai da sauri, amma siririya ce ƙwarai, in eriyar ɗaya ta kauce kaɗan daga 'yar'uwarta shi ke nan magana ta yanke. Dabarar da za su riƙa saita juna kar su kauce, ni na fito da ita, sama da shekara na yi a kanta, har gilashi na fara sawa.

Akwai wani ɗan garinmu Damagaram, babba ne a lab ɗin, ya girme ni da shekara goma, Yaya nake ce masa. Shi ya ɗauko ni daga filin jirgi, na yi wata biyu a gidansa na Gate City Boulevard, Babana har waya ya yi masa ya ce ga amana nan. To ranar da dabarar ta fara aiki, farfesan da ke shugabantarmu ya tambaya a mitin wa ya yi wannan. Ga Yaya zaune, da tarbiyyar gida ina zan buɗe baki in ce ni ce? Na sunkuyar da kai na ce a tambayi Yaya, shi ne babba, ina jiran ya ce ai ƙanwata ce. Bawan Allahn nan ya gyara zama ya yi bayani da zanen da na yi da hannuna, ko ƙifta ido bai yi ba. Bature kuwa bai san kara ba, abin da ka faɗa shi yake rubutawa.

Da takardar binciken ta fito, sunansa ne a sama, nawa yana can ƙasa wajen godiya, wai na taimaka da awo. Na tare shi a wajen ajiye motoci, ya ce in yi haƙuri, da ita zai nemi takardar zama a ƙasar nan, 'ya'yansa uku, ni yarinya ce zan yi wasu, kuma in tuna wa ya ba ni katifa da na zo. Na haɗiye. Sai wani suna da aka yi a garin Pleasant Garden, dattawa na ta sa masa albarka, ina wucewa da farantin shinkafa ya nuna ni ya ce ga yarinyar da take riƙe masa wayoyi. Aka yi dariya. Wallahi tun ranar ban daina jin dariyar nan ba.

Yanzu ga inda maganar take. Abin da ya ɗauka yana da matsala. In rana ta bugi gefe ɗaya na tauraron, ƙarfen da ke riƙe eriyar yana ɗan motsawa, lissafin kuma bai yi la'akari da wannan ba. Daga baya na gano, na gyara, gyaran yana cikin kwamfutata, ba wanda ya sani. Ranar Alhamis za a sa taurarin a ɗakin gwaji mai zafi da sanyi, a gaban masu ɗaukar nauyin aikin, shi zai tsaya a gaba. In na yi shiru sigina zai yanke, za su yi masa tambayar da ba zai iya amsawa ba, ni kuma ina so in zauna a kujerar gaba in kalli fuskarsa. Ba zan ɓoye muku ba, har kayan da zan sa ranar na goge.

Amma in gwajin ya faɗi, gurbinmu a rokar da za ta kai su sama wasu za a ba, kuma digirina da bizata a kan sakamakon nan suka rataya. In na ba shi gyaran, shi ma da sunansa zai fita. In na kai wa farfesa kwamfutar, ranakun da ke jikin fayil ɗin za su tona shi, su kore shi, kuma matarsa ba ta taɓa yi min komai ba sai alheri.

Jiya ya tsaya a teburina, ya ce shi bai gama gane lissafin ba, ƙanwata kin duba komai lafiya ko? Na dube shi na yi murmushi na ce lafiya lau Yaya. Abin da ya tsorata ni shi ne daɗin da na ji.

Masu cewa haƙuri, na yi shi har ya ƙare. Ku faɗa min tsakani da Allah, in cece shi, in tona shi, ko in bar shi ya faɗi ko da tare za mu faɗi?