Ɗana ya biya kuɗi don in yanke ciyawa a fada

Uwargida Smaranda,

Don girman Allah ki taimake ni da shawara, in na ci gaba da riƙe maganar nan a ciki fashewa zan yi. Maƙwabciyata Veturia kaɗai na faɗa wa, ita kuwa dariya ta yi har da riƙe ciki, wai daɗi ne ya yi min yawa. Shekarata sittin da bakwai, mijina Gavrilă ya rasu, ɗa ɗaya gare ni, Horia. Injiniya ne a Jamus, sau ɗaya yake zuwa gida a shekara, mako guda, shi da matarsa Otilia. Yaron kirki ne, kada ki ce ƙararsa na kawo. Amma ki ji abin da ya yi min.

Lokacin yankan ciyawa da ya wuce Horia ya zo, ko jaka bai sauke ba ya ce in haɗa kaya, ya kama mana ɗakuna a tsohuwar fadar da ke bayan tudun ƙauyenmu. Kin san irinsu, jikokin tsofaffin masu sarauta sun karɓo kayan kakanninsu daga hannun gwamnati sun mai da su masaukin masu hannu da shuni. Ni kuwa fadar nan na san ta kamar yunwar cikina. Kakata wanki take yi musu, ta ƙofar baya take shiga. Zamanin gurguzu da aka mai da wurin rumbun gonar gwamnati, ni da kaina na yi shekaru ina saukar da buhunan dankali a ɗakin ƙasa. Yanzu a wannan ɗakin mutane ke zama cikin tururi suna zufa, kuma su biya. Mu da muka yi zufa a cikinsa a da, mu ake biya, ko da yake ba abin a zo a gani ba ne.

Na ce to madalla, ko ba komai zan miƙe ƙafa a gado mai laushi, in zauna da ɗana mu sha hira. Ashe an gudu ba a tsira ba. Gari na wayewa sai ga wata yarinya ma’aikaciyar wurin mai suna Réka tana ƙwanƙwasa ƙofa, da murmushin da ba ya gajiya: "Kaka, a tashi, yau jikinki zai gode miki!" Aka kifa min hular kwano, aka ɗora ni a keke mai batir, muka hau tudu wai za mu kalli wuri mai kyau. Da muka isa ina haki, me zan gani? Ƙauyenmu. Ga rufin gidana, ga akuyar Veturia a cikin kabejina, ina gani ba yadda zan yi.

Washegari hawan doki, sannan harbin kibiya, sannan yawon daji da sanduna biyu a hannu kamar masu neman abin da ya ɓace. Duk wannan na shanye. Abin da ya ƙure min haƙuri shi ne safiyar da aka jera mu a fadama, ni da wasu attajirai daga Bukarest da wani likitan haƙori daga Viyana, aka miƙa wa kowa dogon lauje. Wai yankan ciyawa irin na mutanen da, yana buɗe ƙirji yana kwantar da hankali. Uwargida, tun ina ’yar shekara goma nake yankan ciyawa, hankalina bai taɓa kwanciya saboda shi ba. Da rana kuma wani saurayi mai gemu ya tsaya koya min yadda ake kwaɓa burodi. Ni! Tun kafin a haifi uwar mai sabulu balbela take da farinta. Otilia tana ta ɗaukar hotona tana cewa, "Mama, kin ga yadda kike sheƙi kuwa?" Zufa ce, ’yar nan, zufa ce. Bayan duk wannan wahala a kawo maka ɗan nama kamar ƙwayar ido a tsakiyar faranti mai faɗin tire, an ɗora masa fure. Na yi kewar tuwon masarata da cuku har na ji ƙwalla.

Amma ba wannan ne ya fi ci min rai ba. Abin da na fi gani a jikin ɗana a makon nan shi ne bayansa. Kullum yana gaba, a keke ko a doki, yana ɗago min hannu daga nesa. Da yamma in mun zauna cin abinci, kafin in gama ba shi labarin wanda ya mutu da wadda ta haihu a ƙauye, ya fara gyangyaɗi. Gwiwata ta hagu kuwa ta kumbura sumtum, na ɓoye ta cikin dogon siket, don likita ya daɗe da cewa sai an yi mata aiki, ni kuma ban faɗa wa Horia ba.

Ranar da za mu tafi ya kama hannuna a bakin babbar ƙofa, idonsa ya cika da ƙwalla, ya ce, "Mama, kin gani ko? Ta nan kika shiga, kuma wani ne ya ɗaukar miki jaka." To me zan ce? Na ce ban taɓa jin daɗi irin na makon nan ba a rayuwata.

Shekaranjiya ya kira ni yana murna, wai hutunsa na gaba ya faɗo daidai bikin Ista, zai sake kama mana ɗakunan, har an ƙaro tuƙin kwale-kwale. Ista fa! Wa zai rina ƙwai ja a gidana kamar yadda muka saba a bikin, wa zai gasa ɗan rago? Wa zai raka ni kabarin ubansa da kyandir? Ni ɗana nake so a kicin ɗina, a zaune, yana ci yana ba ni amsa. In na faɗa masa gaskiya zan karya masa zuciya, in na yi shiru an cinye min makon da nake jira shekara guda. Yaya zan yi?

Mai kumburarriyar gwiwa, daga wani ƙauye a yankin Mureș

*

’Yar’uwa,

Na karanta wasiƙarki, kuma ki gafarce ni, ni ma na ɗan taya Veturia dariya a wajen akuyar. Amma damuwarki ta gaske ce, ba butulci ba ne. Wadda ta yi rayuwarta da lauje a hannu ba ta bukatar a sayar mata da shi a matsayin hutu.

Sai dai mu yi wa Horia adalci. Ya tashi yana jin labarin ƙofar baya da buhunan dankali, abin ya zauna masa a rai tun yana ƙarami. Da ya samu hali, ya yi abin da yake ganin zai share wannan. Kuma ke da bakinki kika ce masa ba ki taɓa jin daɗi haka ba. Yaba kyauta tukuici, na sani, amma naki tukuicin ya yi yawa, ya gaskata ki, ya koma ya ƙaro. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ke kin sani kin rufe baki, shi yana Jamus, ta ina zai gani?

Ki kira shi a makon nan, kafin ya kammala kama ɗakunan, a lokacin da ba ya sauri. Ki fara da abin da yake gaskiya: cewa maganarsa a bakin ƙofar nan ta shiga zuciyarki, kin karɓi kyautar, ta isa, ba sai an maimaita ba. Kada ki zagi wurin, ki bar labarin farantin da furen a cikinki, musamman in Otilia na kusa. Sannan ki faɗi abin da kike so kai tsaye, ba da habaici ba: kina son ya yi Ista a gida, ya raka ki kabarin mahaifinsa. Maza irin ɗanki sun fi gane so idan an ba su aikin yi, don haka ki ce shi zai gasa ragon, akwai kuma shingen kabeji da ke jiransa. In ƙafafunsu na ƙaiƙayi, su je fadar su yi wuni ɗaya a doki, su dawo su tarar da abinci.

Maganar gwiwa kuwa, a nan zan yi miki faɗa. Ki faɗa masa a wannan kiran. Zai ji ciwo cewa ya ɗora ki a keke kina cikin wannan hali, amma ciwon da zai ji in daga bakin likita ya fara ji ya fi wannan nesa ba kusa ba.

Zai yiwu ya ɗan yi fushi na kwana biyu. Ki bar shi, zai huce. Fadar nan ta yi ɗaruruwan shekaru a tsaye, za ta jira shi duk lokacin da ya ga dama. Ni da ke ba mu da wannan tabbacin, kuma in kin faɗa masa a hankali, shi ma zai gane.

Allah ya ba ki lafiya, ya kai mu Ista, ya cika miki teburinki.

Smaranda